Makullin Tsaro Yana Amsa Abin da Aka Tambaye Shi Ne Kawai

A ranar 20 ga Yulin 2022, wani saƙon tes ya fara faɗawa wayoyin ma'aikatan kamfanin Cloudflare da ke Amurka. Saƙon ya ce an sauya musu jadawalin aiki, su latsa wani adireshi su duba. Shafin da ya buɗe kamar an tsaga kara da wanda suke shiga kullum. Kamfanin da kansa ya ce aƙalla mutum 76 ne suka samu saƙon cikin ƙasa da minti ɗaya, kuma uku daga cikinsu sun rubuta sunansu da kalmar sirrinsu a shafin bogin. Duk da haka masu kutsen ba su samu shiga ba. Irin wannan harin kuwa ya yi nasara a kan kamfanin Twilio a daidai wannan lokaci. Abin da ya tsare Cloudflare shi ne kowane ma'aikacinsa yana da makullin tsaro, wata 'yar na'ura mai kama da filashi da ake soka wa kwamfuta ko a kara ta a bayan waya, kuma sai da ita ake shiga.

Kafin nan, a 2018, Google ya sanar cewa tun da ya tilasta wa ma'aikatansa sama da 85,000 amfani da irin wannan makulli a farkon 2017, ba a sake ƙwace asusun aikin ko mutum ɗaya ta hanyar shafin yaudara ba.

Waɗannan labarai gaskiya ne, kuma sun isa su sa duk wanda aka taɓa kira a waya ana roƙonsa ya karanto lamba shida da aka turo masa ta WhatsApp ya yi sha'awar na'urar. Sai dai sun haifar da wata fahimta mai haɗari: cewa tsaron yana cikin ƙarfen ne, da zarar an saya an soka, magana ta ƙare. Ba haka ba ne. Makullin ba ya yanke hukuncin wanda zai shiga. Tambaya ake yi masa, ya ba da amsa, wata manhaja kuma ta duba amsar. Idan maginin manhajar ya yi tambaya maras ƙarfi, ko ya karɓi amsa bai duba ta da kyau ba, makullin da aka kashe daloli a kansa ya koma ɗan kwalliyar da ake ratayawa a jikin makullan gida. Wuri mafi sauƙi da za a ga wannan da ido shi ne cikin wani laburare na yaren C mai suna libfido2.

Mene ne libfido2

Laburare a wajen masu gina manhaja tarin umarni ne da wasu suka riga suka rubuta, wanda ya zo daga baya ya kira su a cikin nasa aikin maimakon ya fara daga tushe. Kamfanin Yubico, mai ƙera makullan YubiKey, shi ne ya fitar da libfido2, kuma kyauta ne, kowa na iya buɗe shi ya karanta. Aikinsa shi ne magana da makullan da ke bin ƙa'idar FIDO2 da tsohuwar ƙa'idar U2F, ko na wane kamfani ne. Yana aiki a kan Linux da macOS da Windows da OpenBSD da FreeBSD.

Mai riƙe da waya zai iya cewa me ya haɗa shi da wannan. Abin da ya haɗa shi ya fi yadda yake zato. Manhajar OpenSSH, wadda injiniyoyi ke shiga uwar garken kamfanoni da ita daga nesa, ta fara karɓar makullan tsaro a fitowarta ta 8.2 a watan Fabrairun 2020, kuma da libfido2 take magana da su. Da shi ne systemd ke buɗe faifan kwamfutar Linux da aka kulle. Da shi ne pam-u2f ke ba mutum damar shiga kwamfuta da makulli. Wato ƙofofin da ke bayan manhajojin da ake latsawa kullum, da yawansu da wannan laburare ake tsaron su. Sannan tsarin passkey da Apple da Google da Microsoft suka yi shelar mara wa baya a watan Mayun 2022, wanda yanzu WhatsApp ma ke ba masu amfani da shi, a kan wannan ƙa'ida ta FIDO2 yake zaune. Tambayar da ake yi wa makullin ƙarfe ita ce ake yi wa wayar.

Yadda lamarin ke tafiya a taƙaice: ranar da aka yi wa makulli rajista da wani shafi, sai ya ƙirƙiri mabuɗai biyu na lissafi. Ɗaya na ɓoye ne, ba ya fita daga cikin na'urar. Ɗaya na fili ne, shi ake ba shafin ya ajiye. Duk ranar da za a shiga, shafin zai turo wata sabuwar lamba da ya zaɓa da ka, makullin ya sa mata hannu da mabuɗin ɓoye, shafin ya gwada sa hannun da mabuɗin fili. Babu kalmar sirrin da ta bi ta intanet, balle a sace ta a hanya.

A libfido2, wannan buƙata ta shiga ana haɗa ta ne a cikin wani abu da ake kira fido_assert_t. Magini zai buɗe sabo da fido_assert_new, sannan ya cike shi ɗaya bayan ɗaya kamar mai cike fom a banki, kafin ya miƙa wa makulli da fido_dev_get_assert. Guraben fom ɗin ba su da yawa. Amma kowane gurbi hukunci ne.

Sunan gida da lambar rana

Gurbi na farko shi ne sunan wanda ke tambaya, ana sa shi da fido_assert_set_rp. A yanar gizo, sunan shafin ne. Nan ne asirin nasarar Cloudflare yake: makullin ya ɗaure kowane mabuɗi da sunan shafin da aka yi rajista da shi, don haka da shafin bogi ya zo da wani suna, sai makullin ya ce bai san shi ba. Ma'aikacin ya ruɗu, ƙarfen bai ruɗu ba.

To amma wa ke faɗa wa makullin sunan shafin? Makulli ba shi da ido, ba ya ganin intanet. Burauza ce ke faɗa masa, kuma ita ce ke hana shafi ya yi ƙaryar suna. A manhajar da aka rubuta da libfido2 babu wannan mai gadi. Duk sunan da magini ya rubuta, shi makullin zai gani. OpenSSH tana rubuta "ssh:" ne, systemd kuma "io.systemd.cryptsetup". Wannan 'yanci yana da amfani, amma ma'anarsa ita ce muguwar manhajar da ta samu zama a cikin kwamfuta za ta iya rubuta sunan kowane shafi ta nemi sa hannu. Shi ya sa tun daga fitowar Windows 10 ta 1903, Microsoft ya hana manhajar da ba ta da ikon shugaban kwamfuta yin magana da makullin kai tsaye, sai ta bi ta hanyar babbar manhajar. Don haka idan an ce makullin tsaro ba ya jin yaudara, a fahimci cewa rabin yabon na burauza ne.

Gurbi na biyu shi ne lambar da za a sa wa hannu. Ana dunƙule bayanan buƙatar da lissafin SHA-256 su koma bayit 32 daidai, a sa su da fido_assert_set_clientdata_hash, ko a ba fido_assert_set_clientdata ɗanyen bayanin ya dunƙule da kansa. Sharaɗin wannan lamba guda ne: ta zama sabuwa kowane lokaci, kuma mai tantancewa ne zai zaɓe ta, ba mai neman shiga ba. Ƙa'idar WebAuthn ta ce lambar da aka zaɓa da ka kada ta gaza bayit 16.

Ga inda ɗan koyo ke zamewa. A cikin misalan da ke zuwa tare da libfido2, an rubuta wannan lamba a kafe a cikin fayil ɗin, saboda misali ne, don a nuna yadda ake kiran umarnin. Wanda ya koyi aiki ta hanyar kwafo misali ya gyaggyara, wanda kuma haka akasarin masu koyon kansu suka fara, zai iya barin ta a haka. Manhajar za ta yi aiki sumul, makulli ya yi ƙyalli, a taɓa, a shiga. Babu wani saƙon kuskure da zai fito. Amma duk wanda ya taɓa kama amsa guda ɗaya a hanya zai iya sake miƙa ta gobe da jibi, ba tare da makullin yana kusa ba. Wanda kuma ya gane ya kamata lambar ta riƙa sauyawa amma ya ɗauko ta daga umarnin rand na yaren C, bai tsira ba, domin ana iya hasashen abin da rand zai fitar. Wurin ɗauko ta shi ne getrandom a Linux, ko arc4random_buf a dangin BSD, ko RAND_bytes na OpenSSL.

Gurbi na uku, fido_assert_allow_cred, jerin rajistocin da aka yarda makullin ya amsa da su ne. Idan an bar shi fanko, makullin zai dubo waɗanda ya ajiye a cikinsa da sunan wannan shafi, wanda shi ne ke ba da damar shiga ba tare da rubuta suna ba. Wannan ba shi da wata rigima sosai.

Taɓawa daban, tantancewa daban

Rigimar tana cikin gurabe biyu na ƙarshe, fido_assert_set_up da fido_assert_set_uv.

Na farko yana tambaya ne: akwai mutum a wurin? Amsarsa ita ce taɓa ɗan zagayen ƙarfen da ke jikin makullin. Mutane da yawa suna zaton zanen yatsa yake karantawa. A yawancin makullai ba haka ba ne. Jikin ɗan Adam kawai yake ji. Yatsan mai shi da yatsan ɓarawo da na yaron da ya ɗauke shi yana wasa duk ɗaya ne a wurinsa. Amfaninsa shi ne hana muguwar manhaja amfani da makullin a ɓoye alhali mai shi yana barci.

Na biyu yana tambaya ne: mutumin da ke wurin shi ne mai makullin? Amsarsa lambar PIN ce, ko zanen yatsa a makullan da ke da wannan fasaha kamar YubiKey Bio. Makullin da kansa yake duba lambar, ba a tura ta wa shafi. A makullan FIDO2, wanda ya yi kuskure sau uku a jere sai ya zare ya sake sokawa, wanda ya kai kuskure takwas kuma ya rufe ƙofar gaba ɗaya, sai an wanke makullin, kuma wankewar tana tafiya da duk rajistocin da ke ciki. Wannan ne ya sa gajeriyar lamba ta wadatar a nan, alhali ba za ta wadatar a matsayin kalmar sirrin shafi ba.

Ga wanda ke zaune a garin da ake fama da ƙwacen waya, bambancin ba sai an yi dogon bayani ba. Makullin da ke neman taɓawa kawai, duk wanda ya ƙwace shi ya gaje shi. Wanda ke neman lamba kuwa, ɓarawo ya ƙwaci ƙarfe ne.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan gurabe biyu yana karɓar ɗaya daga cikin abubuwa uku: FIDO_OPT_TRUE, wato eh, FIDO_OPT_FALSE, wato a'a, da FIDO_OPT_OMIT, wato ba a ce komai ba. Idan magini bai taɓa su ba, a kan na ukun suke zaune. A lokacin tambaya, shirun yana nufin makulli ya bi al'adarsa, al'adar kuwa ita ce ya nemi taɓawa amma kada ya nemi lamba. Wannan ba laifi. Matsalar tana wajen duba amsa.

Amsar da makulli ke dawowa da ita tana farawa da bayit 37. Na farko 32 dunƙulen sunan shafi ne, na ƙarshe 4 ƙidayar sa hannu ce, a tsakiyarsu kuma akwai bayit guda ɗaya tak mai ɗauke da tutoci. Tuta ɗaya tana cewa an taɓa, wata tana cewa an tantance mai shi. Makullin yana sa hannu a kan duka, don haka ba a iya sauya tutocin a hanya. Gaskiya yake faɗa: idan ba a sa lamba ba, tutar tantancewa za ta zo a kwance.

Umarnin da ke duba amsa, fido_assert_verify, yana duba sunan shafi, yana duba sa hannu. Amma tutocin nan biyu ba ya tilasta su sai in magini ya sa FIDO_OPT_TRUE a kan abin da ake dubawar. Idan an bar su a shiru, amsar da ba a sa mata lamba ba, kai har wadda ba a taɓa makulli ba, za ta wuce da FIDO_OK. Hausawa suka ce shiru ma magana ce. A nan shirun cewa yake: ko ma wane ne, ya shigo.

Abin da ke ƙara ruɗa mutane shi ne sau da yawa mai tambaya da mai dubawa ba a kwamfuta ɗaya suke ba. Magini zai sa neman lamba a ɓangaren mai amfani, ya gwada, ya ga akwatin lamba ya fito, hankalinsa ya kwanta. Amma a uwar garke sabon fido_assert_t ake buɗewa, kuma abin da aka sa a wancan bai biyo shi ba. Mai kutse kuwa ba dole ne ya yi amfani da manhajar maginin ba. Zai rubuta tasa, ta tambayi makullin da ya sata ba tare da lamba ba, ko ta sa FIDO_OPT_FALSE a gurbin taɓawa ta karɓi sa hannu a shiru daga makullin da aka bari a soke a jikin kwamfuta dare da rana. Abin da aka roƙa a ɓangaren mai amfani ladabi ne kawai. Doka ita ce abin da aka duba a ɗaya ɓangaren.

Wannan ba tatsuniya ba ce, kuma ba ɗan koyo kaɗai take kamawa ba. A 2021 Yubico ya fitar da sanarwa a kan wata ɓaraka a manhajarsa ta pam-u2f, wadda aka yi wa lamba CVE-2021-31924, ta shafi fitowar da ta gabaci 1.1.1. Idan an saita manhajar ta nemi lambar PIN, amma manhajar da ke kiran ta ta bari aka miƙa fanko a madadin lamba, sai pam-u2f ta je ta nemi sa hannu ba tare da lamba ba, in ya samu kuma ta buɗe ƙofa. Dole dai mai harin ya riƙe makullin a hannu ya taɓa shi, lissafin sa hannun kuma bai karye ba. Abin da ya faɗi shi ne sharaɗin lambar. A libfido2 lambar ita ce abu na uku da ake miƙa wa fido_dev_get_assert, kuma NULL a wurin halal ne, yana nufin babu lamba. Idan kamfanin da ya ƙera makullin, ya rubuta laburaren, ya iya yin tuntuɓe a wannan dutse, to ba dutsen da wani zai raina ba ne.

Laifin wa?

Akwai masu kare tsarin laburaren, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa libfido2 kayan aiki ne na ƙasa-ƙasa, ba shi ne zai zaɓa wa kowa siyasar tsaronsa ba. Akwai halaltattun dalilan neman sa hannu a shiru: manhaja kan yi haka don ta gano wanne daga cikin makullan da aka soka ne ke ɗauke da rajistar, kafin ta dami mutum da neman taɓawa. Akwai tsofaffin makullan U2F da ba su san lambar PIN ba sam, tilasta tantancewa zai kore su. Akwai kuma wuraren da aka riga aka karɓi kalmar sirri, makullin mataki na biyu ne kawai, taɓawa ta wadatar. Sannan takardun bayanin laburaren ba su ɓoye komai ba, sun faɗi ƙarara cewa guraben biyu a shiru suke farawa.

Duk an yarda. Amma waɗannan hujjoji na lokacin tambaya ne, ba su kare shiru a lokacin dubawa ba. Mai dubawa da bai san ko yana buƙatar taɓawa ko ba ya buƙata ba, bai gama tunanin aikinsa ba, kuma abin da ya fi dacewa shi ne kayan aikin ya tsayar da shi ya ce: zaɓi ɗaya. Wanda ke son sassauci ya rubuta a'a da hannunsa, ya san ya rubuta. Sauya wannan hali yanzu zai iya karya manhajojin da suka dogara da shi, shi ya sa ba abu ne mai sauƙi ba. Tunda haka ne, nauyin ya dawo wuyan magini, kuma ba shi da uzurin cewa makullin ne zai kula da sauran.

OpenSSH ta nuna yadda ake yi. A wurinta taɓawa dole ce tun farko, kuma uwar garke tana duba tutar. Wanda ke son cire taɓawa sai ya faɗa sau biyu: ya sa no-touch-required lokacin ƙirƙirar mabuɗi, sannan mai uwar garken shi ma ya rubuta amincewarsa a nasa ɓangaren. Ɗaya ya faɗa ɗaya bai faɗa ba, ba a shiga. A fitowar 8.4 a cikin 2020 aka ƙara verify-required don neman lamba, shi ma ana iya tilasta shi daga uwar garke. Sassauci yana nan, amma sai an nema da baki.

Akwai kuma hanyar da magini zai ɗaure makullin da kansa tun ranar rajista. Da fido_cred_set_prot ana iya sa wa rajista sharaɗin cewa makulli kada ya amsa da ita sam sai an tantance mai shi. Wannan ya fi ƙarfi, domin ko manhajar ɓarawo ce ta yi tambaya, ƙarfen ne zai ƙi. Sababbin makullai masu bin CTAP 2.1 ma suna da saitin da ke sa su nemi lamba a kowace buƙata. Amma ko da waɗannan, duba tuta a uwar garke layi ɗaya ne, babu dalilin barin sa.

Wani wurin da zaɓin nan ke cizo ta bayan gida shi ne ƙarin da ake kira hmac-secret, wanda ake kunnawa da fido_assert_set_extensions. Da shi manhaja ke miƙa wa makulli wata lamba mai bayit 32 ko 64 ta fido_assert_set_hmac_salt, makullin ya dawo da wani sirri da ba ya sauyawa muddin lambar ba ta sauya ba. Da wannan sirri systemd ke buɗe faifan da aka kulle. A ƙa'idar CTAP 2.1, sirrin da makulli ke bayarwa idan an sa lambar PIN daban yake da wanda yake bayarwa idan ba a sa ba. Hikimar a fili take: ɓarawon da ba shi da lamba ba zai samu sirrin da ke buɗe faifan ba. Amma maginin da ya kulle bayanan mutane ba tare da lamba ba, daga baya ya ga ya kamata ya ƙara tsaro ya kunna neman lamba, zai wayi gari makullin yana ba shi wani sirri dabam, faifai kuma ya ƙi buɗuwa. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Zaɓin da ake ganin na layi ɗaya ne, ashe sai an yi shi tun ranar farko an kuma rubuta shi a ajiye.

Ita kuwa ƙidayar sa hannun da ke bayit huɗun ƙarshe, laburaren yana miƙo ta da fido_assert_sigcount amma ba ya kwatanta ta da ta jiya, tunda ba shi ne ke ajiye ta ba. Amfaninta shi ne idan lambar ta koma baya, alama ce an kwafi makullin. Kwafar makulli abu ne mai wuyar gaske, amma ba gagara-badau ba: a watan Satumban 2024 masu bincike na NinjaLab a Faransa sun nuna hanyar zaro mabuɗin ɓoye daga YubiKey 5 mai tsohuwar manhajar ciki da ta gabaci 5.7, da sharaɗin makullin ya shiga hannunsu, su fasa jikinsa, su yi amfani da kayan awo masu tsada. Ba abin da zai hana talaka barci ba ne. Amma ga mai tsaron uwar garken banki, dalili ne na ajiye ƙidayar.

Abin da ya shafi mai waya

Matashin da ba zai taɓa rubuta layi ɗaya a yaren C ba, wannan tambaya tana zuwa masa ta wata riga. Idan waya ta ce ya ɗora yatsa ko ya sa lambar buɗe allo don shiga da passkey, tutar tantancewa ce ake ɗagawa. A yanar gizo maginin shafi yana da zaɓi uku shi ma: dole, an fi so, ko ba a so. Idan bai zaɓa ba, a kan "an fi so" yake zaune, wanda ke nufin a yi in an samu hali, in ba a samu ba a wuce. Shirun nan dai ne, a wani yare.

Don haka wanda ya sayi makulli, abu na farko shi ne ya sa masa lambar PIN, domin sabo ba ya zuwa da ita, kuma shafin da ke son tantancewa ba zai samu abin tambaya ba in babu ita. Ya yi rajistar makulli biyu in da hali, ɗaya a aljihu ɗaya a ajiye a gida, tunda kuskure takwas ko ɓacewa ba su da gyara. Kada ya bar makulli a soke a kwamfutar da wasu ke taɓawa. Ya kuma lura da hanyar da shafi ya bari ta bayan fage: asusun da ke karɓar makulli amma har yanzu yana yarda a dawo da shi da lambar tes, tsaronsa bai wuce na layin waya ba, layin waya kuwa an sha ganin an yi masa sabon sim an karɓe. Ga mai passkey a waya, lambar buɗe allo ita ce lambar makullinsa. Wanda ya sa 1234 ko shekarar haihuwarsa, kuma yake buɗe waya a bainar jama'a a cikin adaidaita, ya riga ya ba da ita.

Shi kuma matashin da ya fara wasa da libfido2 a kwamfutarsa, akwai gwajin da ba ya ɗaukar minti biyar. Laburaren yana zuwa da wata 'yar manhaja, fido2-assert. Da alamar -G take karɓo sa hannu daga makulli, da -V take duba shi. Ya karɓo sa hannu ba tare da sa lamba ba, ya duba shi da -V kaɗai: zai wuce. Ya sake duba wannan sa hannun, amma ya ƙara -v ƙarama, wadda ke neman a tabbatar an tantance mai shi: zai faɗi. Sannan ya ɗauki wannan amsar maras lamba ya miƙa wa manhajar da ya rubuta da hannunsa, ya ga wanne daga cikin biyun za ta yi.